Yadda ake zaɓa wa ƙaramar mota taya a ƙasar dusar ƙanƙara

Wanda ya koyi tuƙi a Kano ko Damagaram ya saba da abu guda: ba a taɓa taya sai ta suɗe ko ta fashe, kuma wadda ta mutu ita kaɗai ake sauyawa. Wannan sabo shi za ka fara ajiyewa idan karatu ko aiki ya kai ka Kanada, arewacin Amurka ko Finlan, ka sayi 'yar Corolla ko Civic ta zirga-zirga. Hunturun can ba na hazo da kaushi ba ne. Sai ka kwana ka tashi ka tarar dusa ta kai gwiwa.

Da farko, tsuguna ka duba gefen tayar. Abin da kake nema shi ne hoton dutse mai tsini uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a cikinsa. Tayar da ke da wannan alama an gwada ta a kan dusa, ta kuma ci gwajin. Harufan M+S kuwa, da za ka gani a yawancin tayoyin da ake cewa na kowane lokaci ne, siffar zanen kawai suke nufi. Sirrin yana cikin robar. Da sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7, ta kowane lokaci sai ta fara ƙandarewa, ta hunturu kuwa tana nan da taushinta, ga ƙananan tsage-tsage birjik da ke cizon hanya. A lardin Kwibek na Kanada sa tayar hunturu doka ce ma, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Jamus kuma tun Oktoba 2024 ta daina karɓar M+S kaɗai a matsayin tayar hunturu.

Na biyu, girma. Buɗe ƙofar direba, akwai 'yar takarda manne a jikin ginshiƙin mai lambobi irin 205/55 R16. Na farkon faɗin taya ne da milimita, na biyu tsayin gefenta a kan kashi ɗari na faɗin, na ƙarshe girman rim da inci. A nan ne mai ƙaramar mota ya kamata ya tsaya. Mu mun ɗauka faffaɗar taya ita ce ado kuma ita ce ƙarfi. A dusa mai zurfi abin ya sha bamban. Motarka ba ta da nauyi, in ka ba ta faffaɗar taya sai ta riƙa yawo a saman dusar kamar faifai a kan ruwa. Siririya ita ce ke yankawa ta tarar da abin kamawa a ƙasa. Shi ya sa masu 205/55 R16 da yawa ke komawa 195/65 R15 lokacin sanyi: kewayensu kusan ɗaya ne, don haka agogon gudu ba zai yi maka ƙarya ba, ga kuma arha. Sai dai ka sa bakanike ya tabbatar ƙaramin rim ɗin ba zai gogi birki ba.

Na uku, mai ƙusa (wato wadda aka dasa wa ƙananan ƙusoshi don kama ƙanƙara) ko marar ƙusa. Idan ƙauye kake, inda hanya ke daskarewa ta zama kamar madubi, mai ƙusoshi ta fi. A birnin da ake share titi ana watsa gishiri, ƙara kawai za ta dame ka da shi, kuma ba ko'ina aka yarda da ita ba. A Ontariyo ta Kanada mazauna arewacin lardin kaɗai aka ba izini. Marasa ƙusa irin su Blizzak ta Bridgestone, X-Ice ta Michelin da Hakkapeliitta R ta Nokian sun ishi ɗan birni. Nokian ɗin nan, kamfanin Finlan, shi ya fara ƙera tayar hunturu a 1934.

Na huɗu, kuma wannan ba ciniki a cikinsa: huɗu za ka saya. Ni kaina na taɓa yin wayon sayen biyu, na ce ai tayoyin gaba ke jan motar. Ran da na shiga wata kwana a hankali, gaba ya kama hanya tsam, baya ya ce bai san zancen ba. Kafin in ce innalillahi ina kallon inda na fito, hancin mota cikin tulin dusa. Allah ya sa ba kowa a bayana.

In aljihu ya sa dole sai ta hannu, duba abu biyu. A gefen tayar, bayan harufan DOT akwai lambobi huɗu na ƙarshe: 3522 na nufin mako na 35 na shekarar 2022. Wadda ta haura shekara shida ka bar wa mai ita, ko da zanenta na sheƙi, don robar ta tsufa. Sannan zurfin zane, kada ya gaza milimita 4, kuma tunda hunturu guda zai ci wani abu, nemi wadda ta fi haka sosai.

Saura ƙananan abubuwa. Sayi rim na ƙarfe masu arha ka ɗaura su a kai dindindin, sauyin kowace shekara sai ya zo da sauƙi. Nemi layi a gareji tun Oktoba, don ranar da dusar farko ta sauka kowa can zai nufa. Riƙa auna iska akai-akai, sanyi na rage ta. In kana Ontariyo gaya wa kamfanin inshorarka, akwai ragi ga mai tayoyin hunturu. Da bazara ta kama ka cire su, zafin kwalta na cinye su da wuri.

Abin da taya ba za ta iya yi maka ba shi ne ɗaga cikin motar. Idan dusa ta kai bamba, motar za ta hau kai ta zauna, tayoyi na ta juyawa a banza. Ajiye ƙaramin shebur a but, kuma ran da aka kwana ana zubawa, jira motar share hanya ta wuce kafin ka fito.