Darasi na Tara: Rubuta Murna da Mamaki a Wasiƙa

Idan mutum yana magana ido da ido, fuskarsa da muryarsa ne suke fara isar da farin cikinsa tun kafin ya kai ƙarshen zance. Takarda kuwa ba ta da murya, saboda haka wanda ya koyi rubutu sai ya koyi yadda zai sa mai karatu ya ji abin da ke ransa, ko a wasiƙar da ake ba direba a tasha, ko a saƙon da ake turawa ta waya.

Alamar motsin rai ita ce tsayayyen layi mai ɗigo a ƙarƙashinsa (!). Ana sa ta bayan kalmomin murna irin su "Madalla!" da "Barka!" da "Alhamdu lillahi!", haka kuma bayan na mamaki irin su "Kai!" da "Ashe!" da "Ikon Allah!" Guda ɗaya ta wadatar, domin jera uku ko huɗu ba ya ƙara wa murna nauyi.

Babban aikin yana wajen faɗin abin da ido ya gani. Mu ɗauki misalin wanda ya halarci bikin kamun kifi na Argungu, bikin da aka fara a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, yana son ya ba yayansa da ke Gusau labari. Yana iya rubuta: "Yaya, na je biki, ya yi kyau ƙwarai." Babu kuskure a wannan jimla, amma yayan bai ga komai ba. Ku dubi wannan kuma:

"Yaya, ikon Allah! Bakin kogin Matan Fada ya cika maƙil, ba masaka tsinke. Ana harba bindiga sai masunta suka ruga cikin ruwa lokaci guda, kowa da goransa da homarsa, har ba a ganin ruwan sai kawuna. Na ga giwan ruwan da sai da ƙarti biyu suka ɗauke shi zuwa ma'auni."

Ku lura cewa marubucin bai ce ya yi mamaki ba, amma duk wanda ya karanta zai yi mamakin tare da shi. Kalmar "maƙil" tana cikin waɗanda ake kira amsa-kama, kuma kowace tana da abokiyar tafiyarta: shinkafar fadama takan yi kore shar, auduga fari fat, taro ya yi tsit. Ba a musanya su, kuma kunnenku ya riga ya san daidai, rubutawa ce kawai ta rage.

Sai kuma a duba wanda ake rubuta wa. Tsakanin sa'o'i babu laifi mutum ya ce "Tabɗi!" ko "bakina har kunne", ko ya ce ya ji kamar an biya masa kujerar Makka. Ga Baba ko Inna ko malami kuwa, murna takan fara da godiya ga Allah, ta ƙare da addu'a: "Inna, mun ji an sauka lafiya. Barka da arziki, Allah ya raya." Idan ana yaba ɗan wani ko amfanin gonarsa, kada a manta da "Masha Allah" ko "Tubarkalla", domin mutanenmu suna gudun kambun baka, kuma yabon da babu su yakan bar mai karɓa da damuwa. 'Yan fuskokin dariya na waya ma ba abin dogaro ba ne, tunda sau da yawa jika ne yake karanta wa tsohuwa saƙon da baki, ba zai kuma iya furta hoto ba.

Aikin gida: kowa ya rubuta wa wani babba a gidansu jimla biyar a kan abin farin ciki da ya faru bana, ko suna, ko aure, ko girbi. A sa amsa-kama ɗaya da addu'a ɗaya, kada alamar motsin rai ta wuce biyu, sannan a zo da shi aji a karanta.