Yadda ake ƙara saurin tura fayil tsakanin kwamfutoci da SMB Multichannel

Duk mai tace bidiyo ya san zaman jiran nan: ka jawo bidiyon biki mai gigabait 50 daga kwamfutar ajiya zuwa wadda kake aiki a kai, sai ka zuba wa allo ido. Kebul ɗin gigabit guda ba ya wuce kusan megabait 110 a daƙiƙa, wato jiran kusan minti 8 ke nan. Amma tun Windows 8 da Windows Server 2012 akwai SMB Multichannel, wanda ya zo tare da SMB 3.0 (SMB shi ne tsarin da Windows ke musayar fayil da shi ta netwok). Aikinsa shi ne ya raba fayil ɗin ya bi hanyoyi biyu ko fiye a lokaci guda.

1. Fara duba faifan ajiya

Kafin ka kashe ko sisi, duba abin da ke cikin kwamfutocin biyu. Faifan HDD guda, mai juyawa, da ƙyar yake kai megabait 200 a daƙiƙa, kuma yawanci bai kai haka ba. In shi ke ɗauke da fayil ɗin, kebul na biyu ba zai ƙara maka abin a zo a gani ba. Sa SSD, wato ma'ajiyar da ba ta juyawa kuma ta fi HDD sauri, a ɓangarorin biyu tukuna. A ganina nan ne mutane suka fi yin asarar kuɗi.

2. Ƙara katin netwok na biyu

Kowace kwamfuta ta samu kati biyu, kowanne da kebul ɗinsa zuwa suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutoci a netwok), da adireshin IP nasa. Katunan su zama masu sauri ɗaya. In ɗaya gigabit 2.5 ne ɗayan kuma gigabit 1, Windows za ta ɗauki mai saurin ta ajiye ɗayan sai ranar da na farkon ya mutu. Kada kuma ka ɗaure kebul ɗin biyu da LACP (tsarin haɗe kebul da yawa su zama kamar hanya ɗaya) da zaton shi ne maganin. LACP yana amfani ne idan mutane da yawa ke jan fayil, amma haɗi guda a kebul guda yake tsayawa.

Mai katin gigabit 10 ba ya bukatar na biyu. In katin yana da RSS (fasahar raba aikin karɓar bayanai ga ƙwayoyin firosesa), Windows da kanta take buɗe haɗi 4 a kansa, ta rarraba nauyin a kan ƙwayoyin firosesa.

3. Tabbatar SMB Multichannel a kunne yake

A kwamfutar aikinka, buɗe PowerShell (manhajar rubuta umarni ta Windows) da ikon mai gudanarwa, ka rubuta `Get-SmbClientConfiguration`, a kwamfutar ajiyar kuma `Get-SmbServerConfiguration`. Nemi layin EnableMultiChannel. A kunne yake zuwa, amma in ka tarar da False, gyara shi da `Set-SmbServerConfiguration -EnableMultiChannel $true` a kwamfutar ajiyar, ko `Set-SmbClientConfiguration -EnableMultiChannel $true` a ta aikinka.

In ajiyar taka Linux ce mai Samba (manhajar da ke ba Linux damar aiki da SMB), daga sigar 4.15 a kunne yake. A tsofaffi, daga 4.4, sai ka sa `server multi channel support = yes` a cikin smb.conf, fayil ɗin saitin Samba, ka sake tayar da Samba, kodayake ni sabuntawa zan ba ka shawara.

4. Gwada

Fara kwafar babban fayil guda. Yana tafiya, ka rubuta `Get-SmbMultichannelConnection`. Ya kamata ka ga layi biyu da adireshin katunan biyu, saurin kuma ya doshi megabait 220. Ga gwajin da na fi so: zare kebul ɗaya a tsakiyar aikin. Saurin zai ragu da rabi, amma kwafar ba za ta yanke ba.

Idan ƙananan fayiloli ne fa?

Hotuna dubu goma wata magana ce daban. A nan ba faɗin hanya ne matsalar ba, kowane fayil sai an buɗe shi, an rubuta, an rufe kafin a ɗauko na gaba. Yi amfani da robocopy, umarnin kwafar fayil na Windows, ya kwashi da yawa tare:

`robocopy D:\Hotuna \\ajiya\Hotuna /E /MT:16`

Lambar da ke bayan /MT ita ce yawan fayilolin da zai kwafa tare; in ka rubuta /MT kawai, 8 zai ɗauka, iyakarsa kuma 128. Kada ka yi zarin tura shi can sama idan HDD ne a ɗaya ɓangaren, domin allurar faifan za ta yi ta kai da kawowa, saurin ya faɗi. Fara da 8, ka gwada 16, ka tsaya a inda lambar ta daina hawa.