Yadda Ake Sa Ido Kan Karen da Ke da Ƙari a Fituwitari

Fituwitari wata 'yar tsoka ce a ƙasan ƙwaƙwalwa. Idan ƙari ya fito mata, yawanci sai ta riƙa fitar da sinadarin ACTH fiye da kima. Shi wannan sinadari ke sa jiki ya samar da wani sinadarin mai suna kotisol, sai jiki ya cika da shi. Wannan ita ce cutar Cushing, kuma kusan kashi 80 zuwa 85 cikin 100 na karnukan da ke da ita daga nan matsalarsu take. An fi ganinta a karnukan da suka manyanta.

Fara da auna ruwa. Zuba adadin da ka sani da safe, washegari ka auna ragowar. Karen da ke shan sama da mililita 100 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato fiye da lita 2 ga mai kilo 20, a kai shi wurin likitan dabbobi. Sauran alamun: yawan fitsari, haki, ci ba ƙoshi, zubewar gashi da sakin tumbi.

Don gano cutar, likita yakan yi allurar maganin dexamethasone 'yar kaɗan, ya ɗebi jini kafin allurar, sannan bayan awa 4 da awa 8. Amma jini ba ya nuna girman ƙari. Sai hoton CT ko MRI, kuma idan ya kai santimita 1 ana lissafa shi babba.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne bayan an fara ba kare trilostane, maganin cutar Cushing. Maganin, wanda ake bayarwa tare da abinci, kotisol kawai yake ragewa. Ƙarin yana nan, yana iya ci gaba da girma. Saboda haka idan kare mai haɗama ya fara ƙin abinci, kada a ɗauka sauƙi ne ya samu. Ko dai magani ya yi yawa, sai a ga amai, zawo da kasala, a dakatar da shi a garzaya asibiti nan take. Ko kuma ƙarin ya fara danne ƙwaƙwalwa. A nan za ka ga kare yana kai-komo ba dalili, yana zagaye wuri guda, ko ya jingina goshi da bango ya tsaya shiru. Wani karen kuma ganinsa ke ɗaukewa. Ɗauki bidiyonsa da waya, domin a ɗakin likita ba lallai ya maimaita ba.

Babban ƙari gashin radiyeshon ke rage shi, kuma ya fi aiki kafin alamun ƙwaƙwalwa su tsananta. Wasu asibitoci ƙalilan suna cire fituwitarin ta ganɗa, wato rufin baki, amma daga nan karen zai dogara da maganin kotison da na tayirod har ƙarshen rayuwarsa.