Yadda ake gane yanki da sahihancin tsohon kaset ɗin wasan bidiyo kafin a biya kuɗi

Tun da tsofaffin wasannin bidiyo suka zama kayan tarawa, har aka sayar da kwafi ɗaya na Super Mario 64 da ba a taɓa buɗe kwalinsa ba a kan dala miliyan 1.56 a wani gwanjo a Amurka cikin watan Yulin 2021, masu buga jabu suka samu kasuwa. Mai son tara waɗannan kaya yana bukatar ya raba tambayoyi uku da ake yawan cuɗa su wuri ɗaya: wane yanki aka yi wa kaset ɗin, wane bugu ne daga cikin bugunsa, sannan kamfanin ne ya yi shi ko wani ne ya kwaikwaya. Sabon shiga yakan ga kaset ya bambanta da hoton da ya gani a intanet sai ya yanke hukuncin jabu ne, alhali na wata ƙasa ne kawai, haka kuma yakan ga takarda mai sheƙi ya sayi abin da aka haɗa bara da kuɗin kayan shekara talatin.

A fara da lambar da ke jikin takardar gaba, domin ita ce mafi saurin faɗin gaskiya game da yanki. Nintendo yana rubuta lamba mai kashi uku: na farko yana nuna na'urar, na tsakiya wasan, na ƙarshe kuma kasuwar da aka nufa. NES na na'urar NES ne, HVC na Famicom (takwarar NES a Japan), DMG na Game Boy, AGB na Game Boy Advance, NUS na Nintendo 64, NTR kuma na DS. A Super Nintendo kashin farkon ma ya isa ya raba gardama, saboda SNS na Amurka ne, SNSP na Turai da Ostareliya, SHVC kuma na Japan. A ƙarshen lambar za a ga USA ko JPN ko EUR, ko kuma UKV na Ingila, NOE na Jamus, FAH na Faransa da Holan, SCN na ƙasashen Sikandinebiya. Faifan PlayStation ta farko yana bin tsari makamancin wannan, inda SCUS da SLUS suke na Amurka, SCES da SLES na Turai, SCPS da SLPS na Japan. Idan lambar kwali ta ce UKV, ta kaset kuma ta ce USA, to ba lallai ne a ce akwai jabu ba, amma dai an haɗa kayan daga wurare biyu, kuma bai kamata a biya kuɗin cikakken kwafi ba.

Sanin yanki ba don ado ba ne kawai. Famicom da ta fito a Japan a 1983 tana karɓar kaset mai haƙora 60 (siraran ƙarafan bakin kaset da ke haɗuwa da na'ura), ita kuwa NES da ta fito a Amurka a 1985 mai haƙora 72 take karɓa, don haka ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya. Cikin NES akwai ƙwayar kulle da ake kira 10NES, wadda ke hana kaset ɗin wani yanki tashi, kuma kasuwar Turai da Ostareliya an raba ta gida biyu: PAL-A ta ƙunshi Ingila da Italiya da Ostareliya, PAL-B kuma ta ƙunshi irin su Jamus da Faransa. Kaset ɗin Super Nintendo na Turai siffarsa ɗaya da na Super Famicom, wato takwararta ta Japan, zai shiga ramin daram, amma ba zai tashi ba saboda ƙwayoyin kullen sun bambanta. Dangin Game Boy sun huta da wannan takura, kaset ɗinsu na kowane yanki aka sa musu yana aiki.

Ga wanda ke saye a Najeriya ko Nijar, inda kayan gwanjo ke shigowa daga Turai da Amurka a cakuɗe, akwai ƙarin abin lura. A zamanin waɗannan na'urori, talabijin ɗin Amurka da Japan na tsarin NTSC ne mai sauya hoto sau 60 a daƙiƙa, na Turai kuma PAL ne mai sau 50, wanda shi ne Najeriya ta bi. Wasanni da yawa ba a gyara su ba lokacin da aka kai su Turai, sai suka riƙa tafiya da jinkirin kusan kashi 17 cikin ɗari, da baƙin gefe sama da ƙasa. Wanda ya saba da Sonic the Hedgehog na Mega Drive ta Turai, idan ya ji kiɗansa a Genesis, wato sunan wannan na'urar a Amurka, zai ɗauka gudu aka ƙara masa, alhali wannan ne saurinsa na asali.

Wani lokaci suna da abin da ke ciki ma suna canzawa. Contra ya zama Probotector a Turai, aka maye gurbin sojojinsa da mutum-mutumin ƙarfe, Star Fox ya zama Starwing, Super Mario Bros. 2 na Japan na 1986 kuma wasa ne daban da wanda Amurka ta samu da wannan suna a 1988. Duk waɗannan na asali ne.

Batun bugu ya fi wannan zurfi, kuma misalin da ya fi dacewa da shi shi ne The Legend of Zelda: Ocarina of Time na 1998. Kwafinsa na Amurka ya fito a bugu uku, 1.0 da 1.1 da 1.2. A biyun farko, kiɗan haikalin wuta yana ɗauke da wata murya mai rera kalmomin addinin Musulunci, sai aka cire ta a bugu na uku, aka kuma mayar da jinin babban abokin gaba daga ja zuwa kore. Daga gaba kusan ba a bambanta kaset ɗin ruwan toka na waɗannan bugu, amma idan aka juya baya aka karkata takardar ga haske, za a ga lamba biyu da aka danna cikinta ba da tawada ba. Lamba biyu zalla bugun farko ne, idan A ta biyo su bugu na biyu ne, idan B ce na uku ne. Irin wannan ne ya sa masu tarawa ke ƙirga notin bayan kaset ɗin NES, tunda na farko-farko noti biyar suke da shi kafin a koma uku, suke kuma raba bugun farko da wanda aka sake fitarwa da rahusa a ƙarƙashin sunan Player's Choice na Nintendo, ko kuma na PlayStation, wato Greatest Hits a Amurka da Platinum a Turai. A ganina mai son buga wasa bai kamata ya damu da wannan ba, amma mai sayarwa da ya ce nasa bugun farko ne sai ya nuna hujja.

Yanzu sai jabu. Wanda ya taso da kaset ɗin nan mai launin rawaya da ke alkawarin dubban wasanni a ciki, alhali 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa, ya riga ya san jabun da ba ya ɓoye kansa. Mai haɗari shi ne wanda aka yi don ya yi kama da na asali, kuma wasannin Pokémon na Game Boy Advance da DS su ne suka fi shan wannan kwaikwayo. A kaset ɗin Game Boy Advance na gaskiya akwai lamba da aka danna a takardar gaba, idan kuma aka leƙa bakinsa da tocila za a ga sunan Nintendo da lambar allon lantarkin da ke cikin kaset ɗin an rubuta da fari a saman haƙoran zinare. Cikin wasannin Pokémon, Ruby da Sapphire da Emerald suna da batir a ciki domin agogon wasan, kuma ana hango shi ta jikin robar, su kuwa FireRed da LeafGreen ba su da batir ko kaɗan, don haka duk wanda aka gani da batir daga cikin biyun nan an gama magana. HeartGold da SoulSilver da Black da White na DS baƙar roba gare su, wadda ke komawa ja mai duhu idan aka haska ta da tocila mai ƙarfi, kuma lambar bayansu NTR-031 ce, ba NTR-005 ta sauran wasannin DS ba. A bayan kaset ɗin Nintendo 64 kuma, ɗigon harafin i na sunan kamfanin mai kusurwa huɗu ne, masu kwaikwayo da yawa kuwa zagayayye suke yi.

Sai dai duk waɗannan alamu na waje ne, kuma masu buga jabu suna karanta abin da masu tarawa ke rubutawa, suna gyara kuskurensu a bugu na gaba. Akwai kuma akasin haka, wato allo na asali da aka sa wa sabuwar roba ko sabuwar takarda saboda tsohuwar ta lalace. Saboda haka kaset mai tsada sai an buɗe shi. Ana bukatar sukundireba na musamman: mai bakin gamebit na milimita 3.8 yana kwance na Super Nintendo da Nintendo 64 da Game Boy da yawancin na NES, mai fiffike uku kuma yana kwance na Game Boy Advance. A allon asali za a ga sunan Nintendo da shekara, sannan babbar ƙwayar da ke ɗauke da wasan, wadda masu gyaran rediyo ke kira aisi, tana da lambar da ta yi daidai da ta takardar gaba. Wannan daidaito tsakanin takarda da ƙwaya shi ne hujjar da na fi amincewa da ita. Allon jabu yakan zo ƙarami, da ƙwayar ajiya irin ta zamani wadda ba ta ɗauke da lambar wasan, ko wayoyi da aka jona da dalma da hannu. Baƙin ɗigo mai kama da kwalta a kan allo yakan nuna jabu, amma ba kullum ba, domin wasu kwafin asali na Super Mario Bros. da Duck Hunt da kasakasai da dama na Famicom haka suka fito daga masana'anta.

Faifai ya fi sauƙi. Bayan faifan PlayStation ta farko baƙi ne, na kwafi kuwa yakan zo da launin azurfa ko kore ko shuɗi, kuma zoben tsakiyarsa ba ya ɗauke da rubutun masana'antar da ta buga na asali.

Idan ta intanet ake ciniki, a nemi hoton gaba da baya da na allon ciki, a kuma roƙi mai kayan ya ajiye takarda mai ɗauke da kwanan watan ranar kusa da kaset ɗin, don kada ya turo hoton da ya ɗauko a wani wuri. Idan hannu da hannu ne, a je da tocila da sukundireba, a nemi izinin buɗewa a gaban mai shi, a kuma gwada ajiye ci gaban wasa, a kashe na'urar, a sake kunnawa a ga ko ya riƙe. Kafin gwajin ma, in na'urar gwanjo ce, a karanta rubutun jikin adaftarta, domin ta Amurka wutar bolt 120 take sha, ta Japan 100, tamu kuwa 230 ce, kuma jona su kai tsaye ba tare da na'urar rage ƙarfin wuta ba yakan ƙone adaftar nan take, wani lokaci har da na'urar.