Yadda na gyara tsagewar kwale-kwalen faiba

Kwale-kwalen faiba (zaren gilashi da aka daskarar da gam) da ƙanena ke kamun kifi da shi a tafkin Gidimuni ya tsage a ƙasa, wajen taki ɗaya, ruwa na tsattsafowa. Muka ɗauko shi zuwa Damagaram, na kife shi a zaure har ya bushe ƙayau, don rezin, wato ruwan gam ɗin da ake liƙa faiba da shi, ba ya kama jiƙaƙƙen wuri.

Na huda ƙaramin rami a kowane bakin tsagar don kada ta ci gaba. Sai gurza, kuma nan ne aikin yake. Na ci gefen da takarda mai yashi a karkace, faɗinsa ya kai kaurin jikin jirgin sau 12, har farin zaren ya bayyana. Ƙurar nan tana sa ƙaiƙayi ƙwarai, a rufe hanci, a kuma rufe hannuwa. Na goge da asiton, ruwan sinadari mai cire maiƙo.

Maganin daskarar da rezin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ake sawa. Da zafin garin nan na tsaya a 1, na kuma yi aikin bayan sallar asuba, in ba haka ba sai ya sandare a gwangwani. Na yanka ƙyallen faiba uku, babba a ƙasa, ƙanana a sama, ina shafa wa kowanne rezin da buroshi har ya jiƙe, ina danna shi har farin kumfan iska ya ɓace.

Washegari na gurza, na shafa fenti saboda rana tana cin rezin. Ya koma ruwa, cikinsa a bushe.