Ɓawon dankali a cikin takin lambu, ga yadda ake yi

In kana tambaya ko za a iya zuba ɓawon dankali a tarin da ake barin ya ruɓe ya zama taki, eh, ɓawon dankalin turawa yana shiga taki, haka ɓawon karas da albasa da ganyen kabeji da ya yi yaushi, duk waɗannan abinci ne ga ƙasa, ni kam ina jin takaici in ga an juye su a bola. Amma yadda ka zuba su shi ne komai.

Ragowar kayan kicin jiƙaƙƙu ne, ruwa ne fal a cikinsu ga sinadarin naitirojin, to in ka tara su su kaɗai sai su danƙare iska ta kasa shiga, daga nan sai ɗoyi da ƙudaje, har mutum ya ce ai takin ne bai da kyau alhali busasshen abu ya rasa. Duk bokiti ɗaya na ɓawo ka sa masa bokiti 2 ko 3 na busassun ganye ko ciyawa busasshiya ko kwali da ka yayyaga ƙanana. Kar ka bar ɓawon a sama, ka tona tsakiyar tarin ka zuba ka rufe. Danshin ya zama kamar tsumman da aka matse, in ka damƙa ruwa na zuba ta yatsunka to ƙara busasshe, in kuma ƙamas yake ka yayyafa ruwa. Sannan a riƙa juyawa kamar sau ɗaya a sati.

Shi dankali yana da nasa halin fa. In ɓawon ya yi kauri kuma da ido a jiki zai iya tsirowa a cikin tarin, wannan ba abin damuwa ba ne, ka tuge tsiron ka sassara ka mayar ciki, ko tun farko ka daddatsa ɓawon kafin ka zuba. Inda nake so ka kula shi ne dankalin da ya kamu da cuta, wanda in ka yanka za ka ga cikinsa ya yi ruwan ƙasa-ƙasa yana ruɓewa. Cutar nan da ke ƙone ganyen dankali, wadda ta jawo yunwa a ƙasar Ayalan ta Turai daga 1845, tana rayuwa ne a jikin dankalin da bai mutu ba, kuma tana kama tumatir ma. Tarin da ya yi zafi sosai, wajen digiri 55 zuwa 65, yana kashe yawancin cututtuka, amma ƙaramin tarin bayan gida da wuya ya kai haka, don haka mai cuta kar ya shiga kwata-kwata, a ƙone ko a kai shara.

Nama, kifi, mai, madara da ragowar miya, a bar su, ɓeraye suke kira. Ɓawon lemo da albasa ba laifi in ba su yi yawa ba, ɓawon ƙwai kuma a murƙushe shi tukuna don yana daɗewa.

In ba ka da wurin tari, haƙa rami mai zurfin kamar santimita 30 ka binne ɓawon, ka ba shi wata biyu ko fiye kafin ka shuka a wajen. Shi kuwa na tari, in ana juyawa yana zafi zai iya nuna cikin wata 2 zuwa 3, in an bar shi haka nan ya kai wata 6 ko shekara. Za ka gane ya nuna in ya yi baƙi yana marmashewa a hannu, ƙamshin ƙasa yake, kuma ba ka iya gane ɓawon da ka zuba.