Masu zuwa Birtaniya binciken haidirojin, ku kula da takardar ATAS

Madalla da yadda ƙannenmu ke shigowa jami'o'in Birtaniya yin digirin digirgir kan raba ruwa da lantarki don samar da haidirojin, wasu kuma kan batir. Ɗakin gwaji ba ya kayar da namu. Wanda ya riga ya san cewa a lissafi ƙarfin lantarki na bolt 1.23 ke raba ruwa, a aikace kuwa sai an ƙara, zai kama sauran cikin 'yan watanni. Sanyi ma jiki na sabawa. Gidan haya a Ingila, kada ka ba da kuɗin ajiya fiye da hayar mako biyar. Wata dokar haya ta 2019 ta hana.

Abin da ke ba ni haushi shi ne sakaci da ATAS. Shaidar tantancewa ce daga ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya, kuma ilimin sinadarai da injiniyancinsa duk suna cikin fannonin da ta shafa. Ɗan Jamus ko ɗan Amurka ba ruwansa da ita, amma ɗan Najeriya da ɗan Nijar babu biza sai da ita. Kyauta ce, shi ya sa ake raina ta. Sai yaro ya cike fom saura mako biyu a buɗe makaranta, alhali jiranta kan kai ranakun aiki 30 ko fiye, kuma wata shida kawai take aiki wajen neman biza. Ana son sunayen mutum biyu da suka san ka shekara uku, bayanin bincikenka kuma ya zo daidai da wanda jami'a ta rubuta. Ba wurin nuna gwaninta ba ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne bayan an iso. Takardar tana ɗaure da jami'a ɗaya da bincike ɗaya. Malaminka ya ce bar haidirojin ka koma batir, sai sabuwa. Ƙarshen karatunka ya matsa fiye da wata uku, sai sabuwa, kuma cikin kwana 28 za ka nema. A fanninmu kuwa jinkiri ba baƙo ba ne. Yawancinmu neman abin da zai rage iridiyam muke yi, ƙarfen nan mai tsada da ƙaranci da na'urorin raba ruwa da ake kira PEM ke buƙata a ɓangaren da oksijin ke fita, kuma ba mai yarda da sakamakonka sai ya ga sinadarin ya jure ɗaruruwan sa'o'i yana aiki. Nawa ya yi kyau a makon farko, daga baya ya narke, na koma farko. Biza na ƙaratowa, sabuwar ATAS ba ta fito ba, ruwa ya kusa ƙare wa ɗan kada.

Don haka, ƙanina, ranar da malaminka ya fara zancen ƙara lokaci ko sauya taken bincike, daga ofishinsa ka zarce ofishin ɗaliban ƙasashen waje, kafin ma ka koma ɗakin gwaji.